Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malaman Makarantun Littafi Mai Tsarki: Ku Koya Wa Ɗalibanku Yadda Yahudawan Dā Suke Binne Matattunsu

Iyayena da malamaina cikin Ubangiji,

Ina gaishe ku da sunan Yesu, tare da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da ɗalibanku. Ni malamin makarantar Lahadi ne, ajin matasa nake riƙe da shi, kuma fastocin da suka yi kiwona tun ina yaro daga hannunku suka fito. Shi ya sa na kawo kukana ƙofarku. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Roƙona shi ne ku keɓe darasi na musamman a kan yadda Yahudawa suke binne matattunsu, tun daga zamanin sarakunan Yahuza har zuwa rushe Haikali a shekara ta 70 bayan haihuwar Yesu, ku kuma koyar da shi tsakani da Allah, har da wuraren da bai yi mana daɗi ba. Dalilina a fili yake. Matasanmu waya tana hannunsu. Yau a turo musu bidiyo mai cewa labarin binne Yesu ƙage ne, wai Romawa ba sa ba da gawar wanda suka gicciye. Gobe a turo wani mai cewa an gano ƙasusuwan Yesu da na iyalinsa a Urushalima. Yaro ya taho wurin fasto da tambaya, fasto ya ce masa ya ba da gaskiya kawai ya daina bincike, ko kuwa ya jawo wata hujja wadda ita ma ba ta da tushe. Duka biyun cutar da yaron suke yi. Na farko yana koya masa cewa bangaskiyarsa tana tsoron tambaya. Na biyu kuwa, ranar da yaron ya gano hujjar ta bogi ce, har da gaskiyar zai haɗa ya zubar.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, a wannan fanni muna da abin faɗa mai nauyi, amma ba mu koyar da shi.

Bayahude ba ya barin gawa ta kwana. Mu a nan ba ma bukatar dogon bayani a kan wannan, domin mun san yadda maƙwabci yakan rasu da safe, a yi masa wanka, a sa shi a likkafani, a ɗauke shi a makara, kafin la'asar an dawo daga maƙabarta. Ku duba Ayyukan Manzanni sura 5. Hananiya ya faɗi ya mutu, samari suka naɗe shi suka fita da shi suka binne, bayan kamar awa uku matarsa Safiratu ta shigo ba ta ma san abin da ya faru ba. A sura 9 an yi wa Tabita wanka aka shimfiɗe ta a ɗakin bene. A ƙofar garin Nayin Yesu ya gamu da masu ɗauke da makarar ɗan gwauruwa. A gidan Yayirus ya tarar da masu busa sarewa da masu kururuwa, kuma Mishna, wato tarin dokokin malaman Yahudawa da aka haɗa wajen shekara ta 200, ta ce ko mafi talauci a Isra'ila ya kamata ya samo wa matarsa da ta rasu sarewa biyu da mace ɗaya mai makoki. Marubutan Bishara ba su tsaya yi wa kowa bayanin waɗannan abubuwa ba. Sun ambace su ne a wuce, yadda ɗan gari yakan ambaci abin da kowa ya sani.

Masu hali a Urushalima a cikin dutse suke sassaƙa kabarin iyali. Ƙofar ƙarama ce, sai an sunkuya ake shiga, kamar yadda Yahaya ya ce almajirin ya sunkuya ya leƙa. A ciki akwai ɗaki mai kusurwa huɗu da dakali kewaye, a jikin bangon kuma an huda ramuka masu zurfin kamar mita biyu, kowanne daidai kwanciyar mutum ɗaya. A tura gawa ciki, a toshe bakin ramin. Iyali su yi zaman makoki na kwana bakwai, sannan wani mai sauƙi har kwana talatin. Bayan kamar shekara guda, nama ya riga ya narke, sai ɗa ya koma ya tattara ƙasusuwan mahaifinsa ya jera su cikin ɗan akwatin farin dutse, wanda tsawonsa bai wuce ya ɗauki ƙashin cinya ba. Wani lokaci a karce sunan mamacin a jiki da ƙusa. Wannan al'ada ta akwati ta yi ƙarfi ne daga ƙarshen ƙarni na farko kafin haihuwar Yesu zuwa shekara ta 70, wato daidai zamanin da Bishara take magana a kai. An tono irin waɗannan akwatuna da yawan gaske a kewayen birnin.

Mai wa'azin da ya san wannan zai karanta Matiyu 8:21 da wani ido. Almajirin da ya roƙi a bar shi ya je ya binne mahaifinsa, da a ce uban a ranar ya rasu, da ba a gan shi a bakin hanya yana sauraron wa'azi ba, yana can gida wurin gawa. Shi ya sa wasu masana suke ganin tattara ƙasusuwan yake nufi, jinkirin da zai iya kai watanni. Ba kowa ya yarda da wannan fassara ba, amma ya kamata ɗalibi ya ji ta.

Sai dai kabarin dutse na masu kuɗi ne. Talaka rami ake haƙa masa a ƙasa, irin kaburburan da aka samu a Kumran da Bait Safafa. Yesu ɗan kafinta ne daga Nazarat, iyalinsa ba su da kabarin dutse a Urushalima. A nan ne Yusufu na Arimatiya ya shigo, kuma a nan ne nake so ku daɗe da ɗalibanku.

Masu musun labarin suna da hujja, kada mu raina ta. Romawa sun mai da gicciye abin tsoratarwa, sau da yawa sukan bar gawa a rataye ungulu da karnuka su ci. A kan wannan ne masani John Dominic Crossan ya tsaya ya ce mai yiwuwa haka aka yi da gawar Yesu. Kuma gaskiya ne a lokacin yaƙi babu maganar jana'iza. Yosifus, marubucin tarihin Yahudawa wanda aka haifa a shekara ta 37, ya ba da labarin yadda gwamna Barus ya gicciye mutum 2,000 bayan mutuwar Hirudus, da yadda sojojin Titus, janar na Romawa, suka riƙa gicciye mutum 500 ko fiye a rana sa'ad da suka kewaye Urushalima. To amma Yesu ba a lokacin yaƙi ya mutu ba. A jajibirin idi ya mutu, birni cike da baƙi, a ƙasar da Maimaitawar Shari'a 21:22 zuwa 23 ta ce wanda aka rataye a itace kada gawarsa ta kwana a can, a binne shi a ranar, don kada a ƙazantar da ƙasar. Shi wannan Yosifus ɗin ya rubuta cewa Yahudawa suna kula da jana'iza har ta kai ko waɗanda aka gicciye bisa hukunci sukan sauko da su su binne kafin rana ta faɗi. Filo na Iskandariya, wani masani Bayahude na wannan zamani, ya ce ya san lokutan da aka sauko da gawarwakin waɗanda aka gicciye aka ba danginsu a jajibirin biki. Mishna kuma ta ce majalisar Yahudawa tana da wuraren binne waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa, in nama ya narke a bar dangi su kwashe ƙasusuwan zuwa kabarin iyali. Wato binne wanda aka kashe nauyi ne a wuyan majalisa, kuma Markus ya ce Yusufu ɗan majalisa ne.

A 1968 ana aikin gine-gine a Gibat Hamibtar, arewacin Urushalima, aka ci karo da kaburbura. Masanin kayan tarihi Vassilios Tzaferis ne ya tona su. A cikin wani akwati mai ɗauke da sunan Yehohanan aka sami ƙashin diddige na dama, ƙusar ƙarfe mai tsawon santimita 11.5 ta ratsa shi daga gefe. A ƙarƙashin kan ƙusar akwai ragowar ɗan katako da aka sa don kada ƙafar ta zame ta fita. Bakin ƙusar kuwa ya lanƙwashe, alamar ya gamu da gaɓa mai tauri a jikin itacen. Wannan lanƙwasa ce ta hana a zare ta, dole aka binne shi da ita. Ku tsaya ku yi tunani a kan abin da wannan ƙashi yake faɗa. Romawa sun gicciye mutumin nan a ƙarni na farko, duk da haka aka sauko da shi, aka kai shi kabarin iyali, bayan shekara wani nasa ya dawo ya tattara ƙasusuwansa, ya rubuta sunansa. Da ƙusar ta fita lafiya, da babu wanda zai san yadda ya mutu, don haka ba abin mamaki ba ne in akwai irinsa da yawa a cikin sauran akwatunan. Wannan bai tabbatar da cewa an binne Yesu ba. Abin da ya rushe shi ne maganar cewa ba a taɓa binne wanda aka gicciye ba.

Ku haɗa wannan da lokaci. Markus ya ce Yesu ya mutu wajen ƙarfe uku na yamma ranar Juma'a, Asabar kuwa da faɗuwar rana take shiga. Awa uku ke nan ko ƙasa da haka, a ciki za a je wurin Bilatus, a tabbatar da mutuwar, a sayo likkafanin lilin, a sauko da gawa. Babu sararin haƙa rami. Kabarin dutse da yake kusa, an riga an sassaƙa shi, shi ne mafita. Jodi Magness, masaniyar kayan tarihi wadda ta daɗe tana nazarin kaburburan wannan zamani, ta nuna cewa labarin ya dace da dokar Yahudawa da abin da aka tono. Bulus kuma, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korantiyawa wadda ya rubuta wajen shekara 25 bayan abin ya faru, ya ce an binne Yesu, ya kuma ce shi ma karɓar wannan magana ya yi daga waɗanda suka riga shi.

Akwai kuma akwatin da aka samu a 1990 a kudancin birnin, mai ado ƙwarai, da rubutun Yusufu ɗan Kayafa a jiki, a ciki har da ƙasusuwan dattijo mai kimanin shekara 60. Masana da yawa suna ganin babban firist ɗin nan ne da ya riƙe muƙami daga shekara ta 18 zuwa 36, wasu kuma suna jayayya a kan yadda za a karanta sunan. Haka ya kamata a faɗa wa ɗalibi.

Tsohon Alkawari ma yana da rabonsa. Sau nawa muka karanta cewa wane ya rasu, aka tara shi ga mutanensa? A zamanin sarakunan Yahuza babu akwati. Gawa a kan dakalin dutse ake kwantar da ita, har da matashin kai da aka sassaƙa, in an bukaci wurin sai a kwashe ƙasusuwan a zuba cikin wani rami a ƙarƙashin dakalin, inda na kakanni suke. A 1979 masanin kayan tarihi Gabriel Barkay ya tona irin wannan rami a Ketef Hinnom da ke Urushalima. Rufinsa ya zube tun da daɗewa ya ɓoye shi daga ɓarayi, sai aka tarar da ƙasusuwan mutum fiye da 90 da kayayyaki sama da 1,000. A cikinsu akwai 'yan layu biyu na azurfa, an naɗe su siriri. Shekara uku aka ɗauka kafin a iya warware su ba tare da sun farfashe ba, babbar ba ta kai santimita 10 ba. Da aka duba, sai ga kalmomin albarkar firistoci ta Littafin Ƙidaya 6:24 zuwa 26, wadda muke rufe sujada da ita har yau, cewa Ubangiji ya sa maka albarka ya kiyaye ka. An rubuta su wajen shekara 600 kafin haihuwar Yesu, kafin Babila ta rushe Urushalima. Wannan yana nuna albarkar ta riga ta zama sananniya a lokacin. Bai nuna cewa littafin duka yana nan yadda muke da shi ba, kuma kada mai wa'azi ya ce ya nuna.

A ƙauyen Silwan, a fuskar dutsen da ke kallon tsohon birnin, an sami rubutu a bisa ƙofar wani kabari a 1870, sai a 1953 Nahman Avigad ya iya karanta shi. Na wani wakilin fada ne, yana cewa babu azurfa ko zinariya a nan sai ƙasusuwansa da na baiwarsa, la'ananne ne wanda ya buɗe. Ishaya 22 kuwa yana tsauta wa Shebna, wakilin fada, don ya sassaƙa wa kansa kabari a bisa tudu. Muƙamin ɗaya ne, wurin ya dace, zamanin ya dace. Amma farkon sunan ya karye. Mai gaskiya zai ce mai yiwuwa ne, ya tsaya nan.

Yanzu ga inda nake roƙonku ku yi ƙarfin hali, domin akwai abubuwan da muke so a ransu waɗanda bincike bai goyi bayansu ba.

Hotunan da muke manna wa yara a bango duk suna nuna ƙaton dutse mai kamar faifai a bakin kabari. Masani Amos Kloner ya ƙirga kaburbura fiye da 900 na wannan zamani a kewayen Urushalima, huɗu kacal ne suke da irin wannan dutse, kuma na manyan masu arziki da sarauta ne, kamar kabarin Sarauniya Helena ta Adiyabin. Sauran da dutse mai kusurwa ake toshe su. Yusufu mai arziki ne, don haka ba za a ce sam ba zai yiwu ba, amma hoton bango ba nassi ba ne.

'Yan'uwanmu da suke zuwa ziyarar ibada Isra'ila sukan dawo da hotunan Kabarin Lambu, suna cewa nan ne aka binne Yesu. Wuri ne mai daɗin addu'a, ba na hana kowa zuwa. Sai dai Janar Gordon na Ingila ne ya yayata wannan yanki a 1883, kuma a 1986 Barkay ya nuna cewa fasalin kabarin na ƙarni na takwas ko na bakwai ne kafin haihuwar Yesu. Yahaya ya ce sabon kabari ne wanda ba a taɓa sa kowa a ciki ba. Kabarin da ya girmi Yesu da shekara 600 ba zai zama sabo ba. Cocin Kabari Mai Tsarki, wanda da yawa daga cikinmu suke ƙyama saboda cunkoso da turare, shi ne ya fi ƙarfin hujja. Wurin tsohuwar mahaƙar dutse ce, a bayan ganuwa yake a zamanin Yesu, sai a zamanin Hirudus Agaribas, tsakanin shekara ta 41 da 44, aka soma ganuwar da ta shigo da shi cikin birni. Har yau akwai ramukan kaburbura irin na ƙarni na farko a cikin cocin. Sarki Konstantin ne ya gina shi, aka keɓe shi a 335, kuma da masana daga Atina suka buɗe kabarin a 2016 suka gwada turmin ginin da ke riƙe da falalen dutsen, ya nuna tsakiyar ƙarni na huɗu. Ko wannan ma, abin da ya tabbatar shi ne nan ne wurin da Kirista suke girmamawa tun zamanin Konstantin.

Likkafanin da ke birnin Turin kuma, wanda ake cewa a cikinsa aka naɗe Yesu, ɗakunan gwaji uku sun auna shi a 1988, suka ce an saƙa shi tsakanin 1260 da 1390. Masu kare shi suna sukar guntun da aka yanka don gwajin, wannan muhawararsu ce. Abin da ya fi amfani ga ɗalibi shi ne likkafanin gaske da Shimon Gibson ya samu a 2000 a Akeldama, cikin Kwarin Hinnom. An shafe bakin ramin da farar ƙasa, ba a koma tattara ƙasusuwan ba, gwaji kuma ya nuna mamacin yana da kuturta da tarin fuka. Saƙar mai sauƙi ce, kuma ba ƙyalle ɗaya ba ne, akwai na jiki akwai na kai, kamar yadda Yahaya ya kwatanta a kan Li'azaru da kuma a kabarin Yesu. Akwatin da aka fito da shi a 2002 mai cewa Yakubu ɗan Yusufu ɗan'uwan Yesu, daga hannun 'yan kasuwar kayan tarihi ya fito, babu wanda ya ga inda aka tono shi. Hukumar kayan tarihi ta Isra'ila ta ce rubutun jabu ne, kotu ta sallami mai shi a 2012, alƙalin kuma ya ce sallamar ba ta nufin rubutun na gaske ne. Kada a hau mumbari da shi.

Wannan ma'auni da muka auna namu, da shi za mu auna na masu suka. Kabarin unguwar Talfiyot a Urushalima da aka tono a 1980, aka yi ta kururuta shi a 2007 wai na iyalin Yesu ne, ya dogara ne a kan sunaye: Yesu ɗan Yusufu, Maryamu, Yose. Amma waɗannan sunayen kowa da kowa ne a lokacin. Kusan mace ɗaya cikin huɗu ko biyar Maryamu ce. Fasto da ya san wannan, cikin minti biyar zai kwantar wa yaro da hankali. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko daga wane ɓangare aka haƙa shi.

Kada kuma a ɓoye wa ɗalibai cewa Yahaya ya ce Nikodimu ya kawo mur da al'ul wajen awo 100, kimanin kilo 33, aka naɗe gawar da su tun ranar Juma'a, alhali Markus da Luka sun ce mata ne suka shirya kayan ƙanshi suka taho da su ranar Lahadi. Gara su gamu da wannan a aji, gaban malamin da zai zauna da su a kai, da su gamu da shi a bakin wanda yake so ya kunyata su.

Ku gaya musu a fili inda dutse da ƙashi suke tsayawa. Suna nuna cewa waɗanda suka ba da labarin nan sun san Urushalima kafin a rushe ta, sun san dokarta da kaburburanta da manyanta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai auna tarihi. Tashin Almasihu daga matattu kuwa, babu shebur ɗin da zai tono shi, a kan shaidar manzanni muka tsaya, kuma ba ma jin kunyar faɗin haka. Muna zaune da maƙwabta Musulmi waɗanda Alƙur'ani ya koya musu cewa ba a gicciye Annabi Isa ba. Fasto da zai zauna da su su yi magana cikin mutunci dole ya san wane abu ne tarihi ya nuna, wane ne kuma bangaskiyarsa, kada ya cakuɗa su.

Saboda haka, iyayena, ina roƙon ku ba wannan darasi zango guda cikakke, kada ya zama 'yar magana a makon Ista. A nuna wa ɗalibai hoton ƙashin Yehohanan da zanen cikin kabari da layun Ketef Hinnom, su gani da idonsu. Waɗanda suka yi karatu mai zurfi a cikinku su rubuta ɗan littafi da Hausa, mai araha, wanda mai bishara a ƙauye zai iya saya ya karanta, domin kusan duk abin da na ambata a nan da Turanci kawai ake samunsa. Kuma duk ikilisiyar da za ta tura mutane ziyarar Urushalima, a zaunar da su kafin tafiya a bayyana musu abin da za su gani a kowane wuri. In kun fara, mu malaman makarantar Lahadi a shirye muke mu zo mu zauna a bayan aji mu koya.

Naku cikin hidimar Ubangiji,
Ɗanku, malamin makarantar Lahadi